Ƙwaryar Inno Ɗari da Ashirin Ce

Sunanta na yanka Salamatu, amma ko a cikin Gwandu idan ka ce Salamatu sai an tambaye ka wacce. Inno mai rabon goro, ita kowa ya sani. Ƙanwar mahaifiyata ce. Ta haura shekara sittin da biyar, gajera ce marar jiki, kuma ban da makarantar allo da ta Islamiyya ba ta taɓa zama gaban wani malami ba. Fiye da shekara talatin ke nan ita ake kira idan an kawo goron sa rana ko na suna, a unguwarmu da ƙauyukan da ke kewaye. A bara wata mata ta tsaya a tsakar gida a Kalgo, gaban mata sun fi ashirin, ta jefe ta da sata. Har yau akwai masu maimaita maganar, kuma yawancinsu in ka ba su goro goma ka ce su raba wa mutum uku sai sun kira maƙwabta. Shi ya sa na zauna na rubuta yadda abin yake.

Ga aikin nata, don wanda bai sani ba. Idan dangin ango suka kawo goro, maza su ɗauki nasu a zaure, na samari da 'yan mata a watsa musu, babu mai ƙirgawa. Amma akwai kaso ɗaya da ba a wasa da shi, wato na gidajen dangi. Kowane gida da ya fito daga kaka ɗaya yana da tulinsa a faifansa, kuma dole tulin nan su zo daidai. Ba don goron ba. Matar da aka kai wa goro sha shida alhali an kai wa ta gidan gaba sha bakwai, ba goro ɗaya ta rasa ba, an gaya mata matsayinta ne a dangi. Kuma za ta sani. Kafin la'asar ta sani.

Wahalar ita ce, makonni kafin ranar ake gaya wa dangin ango yawan goron da za su kawo, amma yawan gidajen sai ranar ake saninsa. Wani tsoho ya rasu gidansa ya rabu biyu. Wasu da suka yi shekara uku ba sa gaisawa sun shirya a wurin jana'iza. Wata da ake lissafawa a ƙarƙashin yayanta ta tashi ta yi nata gidan. Sai ka ce biyar ne, ranar ka ga fayafai shida a jere.

Ko'ina a kasuwa ƙwaryar goro ɗari ce. Inno kuwa in an tambaye ta nawa za a kawo na gidaje, amsarta ɗaya: ɗari da ashirin. In dangin suna da yawa, biyun haka ko ukunsa. Har masu goro na kasuwar Gwandu sun saba, in mutum ya ce a ƙirga masa ƙwaryar Inno sun san abin da yake nufi.

Ba daga sama ta samo wannan ba. Mijinta, Allah ya jiƙansa, goro yake sayarwa, ita ke tsince masa ruɓaɓɓu tana yayyafa wa sauran ruwa, don haka hannunta ya saba da ƙirga biyar-biyar tun tana amarya. Rabonta na farko a wani suna ne, aka ba ta ɗari ta raba wa gida uku. Talatin da uku-uku, saura ɗaya a hannunta. Ƙuruciya ta sa ta ɗora shi kan tulin da ya fi kusa da ita. Ta ce min wata biyu aka yi ana kai ƙara da kawowa a kan goron nan guda, har surukarta ta hana ta zuwa biki. A zaman gidan nan ne ta tara ƙwallayen dabino a tsohuwar tasa, kullum in ta gama aikin rana ta zube su a tabarma tana rabawa tana tattarawa. Ta gwada hamsin, ta gwada tamanin, ta gwada casa'in. Sittin ta burge ta, sai ta ga ta yi kaɗan, kuma ba ta rabuwa gida takwas. Da ta kai ɗari da ashirin ta tsaya.

Ni na gama sakandare, an koya mana irin wannan a aji, na ci jarrabawar na manta. Inno ce ta sa na koma na yi shi da biro. Ɗari da ashirin tana rabuwa daidai gida biyu, uku, huɗu, biyar, shida, takwas, goma, sha biyu, sha biyar, ashirin, ashirin da huɗu, talatin, arba'in da sittin. In ka haɗa da ɗaya da ita kanta, hanya sha shida ke nan. Na bi lambobin da ke ƙasa da ita ɗaya bayan ɗaya, babu wadda ta kai haka, mafi ƙoƙarinsu sha biyu. Ɗari da ake ta ɗauka cikakkiya, tara gare ta. Daga gida biyu zuwa sha biyu, inda yawan gidajen dangi ya saba faɗawa, sau huɗu kawai ɗari take fita lafiya: biyu, huɗu, biyar, goma.

Ranar da na nuna mata takardar, ta kalle ta a juye ta miƙo min.

"Hajjo, duk wanga rubutu na mi ne? Ɗari ba ta da ukku cikinta, shi ke nan. Biyu da biyar ta sani. Kin taɓa ganin dangin da ba su da ukku?"

Gaskiyarta. Ɗari ita ce biyu sau biyu sau biyar sau biyar. Ɗari da ashirin kuwa ita ce biyu sau biyu sau biyu sau uku sau biyar. Abin da malaminmu ya kwashe zango guda yana zana mana a allo, ta faɗe shi tana tankaɗen gari.

Ba ta taɓa cewa lambar tata ba ta da aibu ba. Bakwai ta fi ƙarfinta, haka tara da sha ɗaya, kuma kowacce ta san maganinta. In gida bakwai ne, sha bakwai-bakwai, saura ɗaya, sai ta fasa shi nan take ta miƙa wa tsofaffin da ke wurin su tauna a gaban kowa. In sha ɗaya ne, ɗaya ake nema ya cika, sai ta ce uwar biki ta ƙaro guda, a yi sha ɗaya-ɗaya. Tara ce take sa ta tsaki, don uku suke saura.

"Tara ba ta da kunya," in ji ta. "Amma ba ta cika zuwa ba."

Ladanta kuwa kwanon abinci da sabulu, wani lokaci turmin atamfa in masu bikin suna da hali. Goro ba ya cikin ladanta. Ba ta ma cin sa, yana sa mata bugun zuciya.

To, ga abin da ya faru a Kalgo.

Mijina yana da ƙane, Ashiru, direba ne, yana zaune a Kalgo da iyalinsa. 'Yarsa Mufida aka sa wa rana bayan ƙaramar Sallah. Uwar bikin ita ce yayarsu, Hajiya Larai, wadda ta daɗe a Kalgo tana sayar da kayan ɗaki, kuma tun da ta fara bai wa matan ma'aikatan jami'a kaya take ganin mu na Gwandu a duhu muke. Ashiru da kansa ya aiko mota, ni da Inno muka bi ta Birnin Kebbi, muka isa da hantsi. Inno ta zo da tabarmarta ƙarama da take zama a kai, kamar kullum.

Aka shigo da goron gidaje a faranti. Inno ta sa hannu ta fara ƙirga, biyar-biyar. Ta kai ƙarshe, ta sake daga farko. Sannan ta ɗago.

"Ɗari na gani. Ina sauran?"

Hajiya Larai tana tsaye a bakin ɗaki da makullai a hannu. Ta ce, "Babu saura. Ni na ce su kawo ƙwarya ɗaya."

"Ai na aiko a ce ɗari da ashirin."

"Na ji saƙon. Inno, ni fa 'yar kasuwa ce. Daga nan har Legas ƙwarya ɗari ce, sai taki. Gida biyar ne mu, ashirin-ashirin, ɗari ta cika. To ashirin ɗin da ake ɗorawa, shekara da shekaru, gidan wa suke zuwa?"

Wata daga baya ta yi dariya ta ce, "Gida na shida mana, mai tabarma."

Aka yi 'yar dariya, irin wadda ake yi ana duban ƙasa. Ni na tashi. Na ce, "Yaya Larai, tsohuwa kike gaya wa haka? Kin taɓa ganin ta fita da ƙulli?" Ta ce mai mayafi babba ba ta buƙatar ƙulli. Na faɗi abin da ba zan rubuta a nan ba, har sai da matar Ashiru ta riƙe min hannu.

Inno ta ture farantin gaba kaɗan, ta naɗe tabarmarta, ta koma gindin bango ta zauna a ƙasa. Aka kawo mata abinci ba ta taɓa ba.

Hajiya Larai ta ce ita za ta raba, ai ba karatun likita ba ne. Ta ce a jero fayafai. Aka jero, sai ga shida. Ta manta, ko ba ta ɗauka da muhimmanci ba, cewa Hajara, matar marigayi yayansu, ta bar babban gida bayan takaba ta koma Dangoma da 'ya'yanta, ta yi nata gidan. 'Ya'yan nan jinin gidan ne, faifansu daban. Babu wanda zai iya cewa a ɗauke shi.

Na ga fuskar Hajiya Larai ta canza, amma ta riga ta yi magana, ba ta iya juyawa. Ta raba sha shida-shida, huɗu suka rage a farantin. Da ta tambayi kowace tsohuwa a wurin, da an ce mata ta fasa su a tauna. Ba ta tambaya ba. Ta ɗauke su ta jefa ɗaya-ɗaya a fayafai huɗu, da sauri, tana magana da wata don kada a lura. Huɗun da ta zaɓa su ne gidajen Gwandu uku da na Kalgo. Biyun da ta tsallake, na Dangoma da na Dalijan. Gidajen gari sha bakwai, na ƙauye sha shida. Ko da gangan ta yi ko hannunta ne ya bi zuciyarta, Allah ya sani.

A mota muna dawowa na yi ta faɗa. Inno tana kallon gonaki ta taga. Sai wajen Ambursa ta buɗe baki.

"Fiddausi za ta ƙirga."

Gwaggo Fiddausi ita ce ta Dalijan, ƙanwar mahaifin su Ashiru, ita kaɗai ta rage a sahunsu. Ita ce za ta yi wa amarya nasiha ta miƙa ta ga dangin miji. Bayan kwana biyu ta hau mota da kanta, da rana tsaka, ta je Kalgo da goronta sha shida a ƙulle a gefen zane. Aka ce ko zama ba ta yi ba. Ta kwance ta zube su a gaban Ashiru ta ce, "Ga abinku. Ku cika wa 'yan birni. Mu da munka zama saura, Allah shi ba da zaman lafiya, a yi biki lafiya." Hajara ta ji labari, ita ma ta aiko da nata.

Duk wannan bai dame ni ba, su suka jiƙa abinsu. Abin da ya dame ni shi ne maganar da ta riga mu isa Gwandu. Ba a ce Larai ta ɓata rabo ba. Cewa aka yi an kama Inno a Kalgo. Kama! Kamar an same ta da hannu a tukunya. A cikin mako uku aka yi suna biyu a unguwarmu, gidajen da Inno ta raba goron auren iyayensu, babu wanda ya aiko mata. A ɗaya daga ciki ina zaune na ji wata tana lissafi da yatsu, wai ashirin sau biki nawa a shekara, sau shekara talatin, ai da ta gina gida. Na ce mata ta je ta ga ɗakin da Inno take kwana, in ta ga siminti ta dawo ta gaya min.

Inno ta daina fita sai makarantar Islamiyya ta matan aure, ita ma daga baya ta bari. Na same ta wata safiya tana tsinkar zogale, na ce ta bar ni in bi gida-gida da takardata in nuna musu lissafin.

"Wa za ya karanta? Wanda ya ce ɓarauniya ce, takarda za ta hana shi?"

Ashiru ne ya zo, saura kwana goma ɗaurin aure. Ya durƙusa a ƙofar ɗakinta. Ya riga ya je Dalijan sau biyu, Gwaggo Fiddausi ta ce ba ta karɓar goro daga hannun kowa sai wanda Inno ta raba. Ya ce, "Inno, ki dubi Mufida, ba ta san hawa ba balle sauka. Ki yi haƙuri, a kawo goron nan gida ki raba, in kai da kaina."

"Nan gida? A'a, ɗana. Inda anka faɗi maganar, can za a raba. Kuma duk wadda ta ji ranar, a kira ta. Larai ta zauna kusa gare ni."

Haka aka yi. Ashiru ya sayo sabon goro, ɗari da ashirin. Tsakar gidan nan dai, mata sun ma fi na farko yawa, don labari ya kai. Gwaggo Fiddausi ta zo, ta zauna a kujera 'yar tsugunno tana kallon sama kamar ba da ita ake ba.

Inno ba ta taɓa goron ba. Ta ce Hajiya Larai ta ƙirga da hannunta, da ƙarfi. Ta ƙirga, ɗari da ashirin.

"Raba shi ukku."

Ta raba. Arba'in-arba'in.

"Tattara. Raba shi huɗu."

Talatin-talatin. Haka ta yi ta sa ta, biyar, shida, takwas, goma, sha biyu. Kowane karo farantin ya tashi babu ko ɗaya. Hajiya Larai tana gumi, awarwaronta suna ta ƙara, ta ce, "Inno, ai an gane." Inno ta ce ba a gane ba tukuna. Ta sa ta ware ashirin gefe.

"Ga ɗarinki. Raba ta ukku."

Saura ɗaya.

"Shida."

Saura huɗu.

"Takwas."

Saura huɗu.

"Sha biyu."

Gwaggo Fiddausi ta sauko da idonta ta ce, "Bar ta hakanan, Salamatu, kada ta fara jefawa faifan 'yan birni." Tsakar gidan ta ɗauki dariya, wannan karon babu mai duban ƙasa.

Sannan Inno ta mayar da ashirin ɗin, ta jawo fayafai shida, ta raba da kanta, ashirin-ashirin, tana daidaita manya da ƙanana, fari da ja, yadda babu tulin da ya fi wani kyau. Ta kife farantin. Na ɗauka an gama.

Sai ta miƙe tsaye. Ta cire mayafinta ta kakkaɓe shi sau uku. Ta ɗaga tabarmarta ta girgiza. Ta kwance bakin zaninta inda mata ke ƙulle kuɗi, ta buɗe shi ta nuna wa kowane ɓangare. Tsohuwa mai jikoki, a tsaye ba mayafi a gaban yaran da ta raba goron sunansu. Dariyar ta mutu. Ni kuka ya zo min, na fushi ba na tausayi ba.

Hajiya Larai ta ce, tana gyara ɗankwali, "Ni fa ban ce kin yi sata ba, Inno. Tambaya kawai na yi."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan, a ranar da kuma bayanta. Ba ta zo Gwandu ba, ba ta aiko ba. An yi biki, Gwaggo Fiddausi ta miƙa amarya, Mufida tana ɗakinta lafiya.

Cikin gidaje biyun da suka tsallake Inno, ɗaya sun kira ta da aka zo sa ranar 'yarsu, suka yi kamar ba abin da ya faru. Ɗayan har yau ba su kira ba, kuma matar gidan ta ce wa maƙwabciyata wai ko ma dai mene ne, ita ta fi son ɗari, ta fi tsabta. Masu goro na kasuwa sun ce yanzu akwai masu zuwa su ce a ƙirga musu ɗari da ashirin, amma ba sa kiran sunanta.

Tana zuwa rabo in an kira ta. Hannunta bai canza ba, ƙirgarta ba ta taɓa kuskure ba. Amma tun daga ranar Kalgo, duk inda ta gama rabo sai ta miƙe ta cire mayafi ta kakkaɓe kafin ta fita, ko a gidan da babu wanda ya taɓa zarginta. Makon jiya a Dalijan ta yi, a gidan Gwaggo Fiddausi, Gwaggon tana ce mata don Allah ta bari. Na riƙe gefen mayafin na ce, "Inno, nan ba Kalgo ba ne." Ta zare shi daga hannuna, ta kakkaɓe sau uku, sannan ta yafa ta ce in ɗauko mata takalmanta.